Amsa Ga Yarona Kan Malfar Manoman Japan

Yaro, saƙonka ya iso ni tare da hoton da ka haɗo na wasu manoma a gonar shinkafa a ƙasar Japan, kowannensu da faffaɗar malfa mai tsini a kansa. Tambayarka ita ce, tun da mun iya malfa, me zai hana mu riƙa yin irin wannan muna sayar wa manoman fadama da masu shagunan kayan ado, har ka ƙara da cewa a ganinka ba ta da wata wahala, kwana biyu sun isa mutum ya gane kanta. Da wani ne ya faɗi wannan magana ta ƙarshe da ko kallo bai ishe ni ba, amma kai a gabana ka koyi riƙon basilla, kuma tambayar ta fama mini wani miki da har yau bai warke ba. Saboda haka zan ba ka amsa a rubuce, ka karanta wa sauran yaran rumfa, domin kada gobe wani ya sake tunkarata da ita.

Kallon kitse kake yi wa rogo. Abin da ka gani a hoton nan ba saƙa ba ne. Tamu malfar daga tsakiyar kai muke ɗaukarta, mu yi ta zagayawa da kaba har mu sauka baki, kuma kabar ita ce ke riƙe kanta da kanta, babu wani abu a ƙarƙashinta. Tasu kuwa, wadda suke kira sugegasa, in kana son ka fahimce ta sai ka tuna yadda ake yin jinkar ɗaki: a fara ɗaura tsaiko, a zagaya shi da tanka, sannan a baibaye. Tsaikon nasu na gora ne, baibayar kuma ganyen wata ciyawar fadama ce da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya a ɗinke da allura. Wanda ya iya saƙar kaba kawai bai iya ko rabin wannan aiki ba, domin sana'a biyu ce aka haɗa a cikin abu ɗaya.

Su kansu Japanawa ba mutum ɗaya ne yake yin duka ba. Garin da ya fi suna a wannan sana'a shi ne Fukuoka na lardin Toyama, ba babban birnin nan mai irin wannan suna da ke kudancin ƙasar ba, wani ƙaramin gari ne da aka haɗe shi da birnin Takaoka a 2005, kuma daga can ne kusan tara cikin goma na irin wannan malfa da ake yi a Japan suke fitowa. Sun haura shekara 400 suna yinta. Kogin Oyabe ne ya riƙa ambaliya yana barin fadamu, ciyawar ta samu wurin zama, sarakunan yankin Kaga kuma suka ƙarfafa sana'ar har ta zama abin da gari ya dogara da shi. Ƙasa ce ta dusar ƙanƙara mai yawa, idan sanyi ya rufe gonaki sai a koma cikin ɗaki, maza suna tsaga gora suna ɗaura ƙashin malfa, wato tsaikon nan, mata suna ɗinki. Yarinya tun tana ƙarama take zama kusa da uwarta da kakarta tana kallon hannunsu. Wannan shi ne abin da kai ka ce za ka gane kansa cikin kwana biyu.

Sirrin ma duk a ciyawar yake, kuma ba tsintarta suke yi a daji ba, nomanta suke yi. Suna da gonakinta masu ruwa kwance, a dasa ta da kaka, ta kwana a ƙarƙashin ƙanƙara, ta taso da ƙarfi idan ɗumi ya dawo, har ta kai ƙirjin mutum ko ta wuce. Sai wajen ƙarshen watan Yuli, bayan daminarsu ta ɗauke rana ta buɗe, a shiga da lauje a yanke ta, a baza ta a rana kwanaki ana juyawa har koren ya fita ta yi fari. Idan ruwa ya dake ta a shanya, launi ya ɓaci, wahalar shekara ta tafi. Bayan ta bushe sai a zauna a tsince, faffaɗan ganye masu kyau a ware su domin fuskar malfa, sirara kuma a ajiye su domin tankar ciki. Halin wannan ganye shi ne idan ya bushe yakan tsuke, ƴan kafofi su buɗe iska ta riƙa ratsawa, idan kuwa ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura kafofin su toshe, ruwan ya gangare ta baki. Malfa ɗaya ke nan ta yi wa manomi aikin inuwa da na laima, ga ta ba nauyi. Kaba ba ta da wannan hali, kuma babu gwanintar hannu da za ta sa mata shi.

Ba zan ɓata takarda ina koya maka yadda ake tsaga gora ko gasa ta a wuta domin ta lanƙwasu ba, duk wanda ya yi shekara a rumfa bai san wannan ba gara ya koma tallan ruwa. Abin da ya cancanci a faɗa shi ne ɗinkin. Bayan an zagaye ƙashin da siraran ganye, sai a jiƙa faffaɗan, a murje su da ɗan katako har su kwanta, a ɗaure gindin kowanne a zoben baki, kowane ganye yana ɗan hawa kan ɗan'uwansa, kawunansu duka suna fuskantar tsini. Daga nan mai ɗinki za ta ɗauki doguwar allura ta fara daga baki, tana zagayawa tana hawa, har ta kai sama inda za a tattara kawunan a kitse su a rufe. Wato inda muke gamawa nan suke farawa. Wahalar ita ce kana hawa fili yana ƙanƙancewa, ganyen da suka zauna lafiya a baki sai su fara cunkoso, in ba ka san wanda za ka rage da inda za ka rage shi ba, malfa za ta yi ƙusumbi a gefe ɗaya, kuma ta nan ruwa zai shiga. Sannan malfar ba a kan mutum take zama kai tsaye ba, akwai ɗan gammo da ake ɗaurawa a ciki tare da igiyar haɓa, shi ne yake ɗaga ta iska ta riƙa wucewa tsakaninta da kai.

Za ka ce ina na san duk wannan, ni da ban taɓa hawa jirgi ba. Da bijimina na saye shi.

Shekarun baya, lokacin kai kana makarantar allo, wani dillali da muka daɗe da sanin juna ya zo rumfata da wani mutum a cikin babbar mota, shadda tana ta ƙyalli. Ya ce yana gina gidan cin abinci da lambun shaƙatawa a wani babban birni, yana son malfa 200 irin ta Japan, ma'aikata su sa wasu, a rataye wasu, a sayar wa baƙi sauran, kuma an gaya masa duk yankin nan in ban iya ba to babu mai iyawa. Wannan maganar gaskiya ce, ko da yake a bakin maƙaryaci ta fito. Sai ya sa aka buɗe wani kwali aka fito da ta ainihi, wadda ya ce da hannunsa ya sayo ta a can. Da na ɗauke ta sai hannuna ya yi sama, domin na shirya wa nauyin da babu shi. Na ɗaga ta ga rana na ga haske yana ɗigowa ta ƴan kafofi, na sa aka miƙo mini buta na tsiyaya mata ruwa, ya gangare ya zuba a ƙasa, na ɗan jira na sake ɗaga ta ga rana, sai na ga kafofin nan sun ɓace. Na shafa ɗinkin da yatsa tun daga baki har tsini, tazarar da ke tsakanin layi da layi ba ta canja ba. Na daɗe a sana'a, kuma ba kasafai aikin wani yake sa in yi shiru ba, amma ranar nan na yi.

Na gaya masa cewa ba zan iya yinta ba sai na warware wannan na ga cikinta. A gaban dillali da yara biyu ya ce, Malam, in ka ga dama ma ka ƙone ta, ina da wasu a gida. Na warware ta a hankali, ganye ɗaya bayan ɗaya, ɗan ƙanwata da ke jami'a a lokacin ya zauna da ni dare da yawa yana karanto mini abin da aka rubuta a kanta a intanet, yana nuna mini tsofaffin matan nan suna ɗinki. Da na gama fahimta sai na kira mutumin na faɗa masa gaskiya, cewa wannan ciyawa ba mu da ita, mafi kusa da ita a wurinmu kachalla ce, ita ma tana kumbura da ruwa, amma ta fi kauri, ta fi saurin karyewa, kuma ba za ta taɓa yin farin waccan ba. Na yi masa guda ɗaya ta gwaji. Ya zo ya gani, ya ɗora a kansa, ya sa direbansa ya ɗauke shi hoto, ya ce wallahi ta fi ta Japan ɗin kyau. Muka yi ciniki, ya ba da kafin alƙalamin da ko kuɗin gora bai kai ba, ya ce kuɗinsa sun maƙale a wajen gini, ranar da aka gama zai biya lakadan. Dillali ya dafa ƙirji ya ce a wuyansa. A yadda aka rene mu, idan dattijo ya faɗi haka a kasuwa, magana ta ƙare.

Na sayar da bijimin da nake kiwo. Na tura mutane fadamun wajen Haɗejiya suka shiga ruwa har ƙugu suna yankan kachalla, matsattsaku suna shan jininsu, kuma cikin kowane dami da aka kawo abin da zai yi fuskar malfa bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Na sayo gora daga kudu, na nemo matan da suka ƙware a ɗinkin faifai na koya musu ɗinki daga baki zuwa sama, abin da ya fi komai ba su wahala domin hannunsu ya saba da akasin haka. Hunturu ya same mu a tsakiyar aikin, ganye yana bushewa a hannu kafin allura ta ratsa shi, dole muka koma aiki da asuba da dare, muna lulluɓe kayan da jiƙaƙƙun buhuna. Duk wannan bai dame ni ba, aiki ne, kuma na san ina yin abin da ba a taɓa yi a garin nan ba. Abin da yake ci mini rai har gobe shi ne abokan cinikina na asali. Da bazara ta kama, Fulani makiyaya da manoman ƙauyukan da suke sayen malfa a wurina tun zamanin mahaifina suka riƙa zuwa kamar yadda suka saba, ni kuwa ba ni da ko guda ta kaba a rataye, ina ba su haƙuri suna wucewa rumfar gaba. Wasunsu har yau can suke zuwa, kuma ƴaƴansu ma can suka sani.

Ranar da aka gama na sa aka share rumfa aka jera su, mutane suna tsayawa kallo. Ya iso da la'asar, bai ko zauna ba, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya shinshina, ya yamutsa fuska ya ce ba wannan muka yi da shi ba, shi fara ya ce, waɗannan kuwa launin ƙasa ne. Na ce a ɗauko ta gwajin da ya yi hoto da ita a gwada, ya ce shi bai tuna da wani hoto ba. Sannan ya tambaye ni ina tasa ta ainihi, da na nuna masa ganyenta da ƙashinta a ɗaure cikin tsumma sai ya ɗaga murya, wai na lalata masa kaya mai tsada ba da izininsa ba, kuma ɗan abin da ya bayar tun farko ya zama diyyarta, shi ne ma ya yi mini rangwame. Na juya na dubi dillali. Yana tsaye yana kallon takalminsa, sai ka ce ranar ya fara ganinsu. Mota ta tashi, daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba.

Na kai su kasuwa, manomi ya ɗauka ya yaba, ya ji kuɗi ya ajiye. Kuma ban ga laifinsa ba, domin da kuɗin ɗaya zai sayi ta kaba uku, ga shi tamu yana iya jefa ta a amalanke, ya ɗora mata buhu, ya yi fifita da ita, ya ɗebi gyaɗa a ciki, ta koma yadda take, wannan kuwa ranar da jaki ya taka ta ƙashinta ya karye, shi ke nan. Damina ta shigo ta same su a jibge a ɗaki, fumfuna ta fara kama na ƙasa, ɓeraye suka samu gida, ƙwaro ya shiga gorar yana zubo gari. Matan da suka yi ɗinki suna aiko yara a kan haƙƙinsu. Ana cikin haka sai ga wani saurayi baƙo, wai ya ji labari ina da wasu malfuna da suka ƙi tafiya, zai taimaka ya kwashe duka. Ya taya su a kan abin da bai kai rubu'in cinikinmu na farko ba, kuma bai ƙara ko sisi ba domin ya san halin da nake ciki fiye da yadda baƙo ya kamata ya sani. Na sallama, na biya matan nan, na tashi ba bijimi ba riba.

Bayan wasu watanni wani tsohon yarona da ya koma tuƙin mota ya kai kaya wancan birni, ya dawo ya same ni ya ce, Baba, na ga aikinka. Suna nan rataye a wurin mutumin nan, an sa musu ƙwan lantarki a ciki, ma'aikata suna yawo da wasu a ka, kuma da ya tambayi ɗaya daga cikinsu sai ya ce masa ai daga Japan maigida ya yi odarsu. Saurayin da ya zo taimakona yana zaune a wajen karɓar kuɗi. Na kai ƙara wurin sarkin kasuwa, aka ce ina takarda, babu, aka kira dillali ya ce shi dai ya haɗa mu ne, bai riƙe abin da aka faɗa ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mai shaddar ban san shi ba dama, amma dillalin nan mun ci abinci a kwano ɗaya. Har yanzu muna haɗuwa a masallacin Juma'a, yana yi mini sallama ina amsawa domin wajibi ne, amma ban sake ce masa ko ina gajiya ba.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu shi ne komai a fuskar waya kuke ganinsa, kuma waya ba ta nuna nauyi, ba ta nuna cikin abu, ba ta nuna shekarun da hannu ya yi kafin ya kai haka. Ka ga hoto da safe, da rana ka fara lissafin riba. Ko tambayar kanka ba ka yi ba ko su masu abin suna samun abinci da shi. A ƙarni na 19 garin nan na Toyama miliyoyi yake fitarwa a shekara, yanzu an koma lissafin dubbai, domin manominsu ya hau injin noma ya sa hular kanti, masu ɗinkin kuma yawancinsu tsofaffi ne. Gwamnatinsu ta sanya fasahar cikin al'adun gargajiya da ake karewa a 2009, ta kuma sanya malfar cikin jerin sana'o'in hannu na ƙasa a 2017, ana buɗe azuzuwa ana neman matasan da za su koya. Abin da yake riƙe da kasuwarta a yau, bayan ƴan manoma da masu kamun kifi da ba su rabu da ita ba, bukukuwa ne da ibadarsu: masu rawar bikin Hanagasa na Yamagata da ake yi a watan Agusta da ita suke rawa an yi mata ado da furanni, masu zagayen wuraren bauta 88 na tsibirin Shikoku da ita suke tafiya, mutanen unguwar Fukae a Osaka kuma su ne suke ɗinka manyan da ake kai wa wurin bautar Ise duk shekara 20 idan an sabunta gininsa, kamar yadda aka yi a 2013. Wanne daga cikin waɗannan kake da shi a kasuwarmu?

Ban hana ka koyo ba, kada ka je ka ce Baba ya tsufa yana tsoron sabon abu, ni ne na fara yinta a garin nan kafin ka san hagunka da damanka. Ƙashin ta ainihin nan yana nan a cikin akwatina, in ka zo zan fito maka da shi ka auna da hannunka, ka yi guda ɗaya da kuɗin aljihunka, a lokacinka, ba a lokacin aikina ba. Ka yanki kachallar kafin ta tsufa, ka shanya ta inda raɓa ba za ta sauka a kanta ba, gorar kuma ka nemi wadda ta ƙosa aka sare ta da rani, domin ɗanya ita ƙwaro yake bi. Idan ka gama ka kawo mini, buta ce za ta yi mana alƙalanci. In kuma wani mai shadda ya zo maka da oda, rabin kuɗi a hannu kafin ka taɓa wuƙa, a rubuta launi da girma da adadi, ya sa hannu a jikin ta gwajin kanta, shaidu kuma kada a sa wanda zai ci la'ada a cikinsu. Kuma ko oda ta kai ta dubu, kada rumfa ta wayi gari babu malfar kaba a rataye.

Sauran magana sai ka zo ranar Asabar. Malfunan da na bar maka ka sa wa fata, na duba su jiya bayan ka tashi, uku daga ciki bakinsu ya karkace kuma ɗinkin igiyar haɓa ya yi sako-sako, ka zo da wuri ka warware su kafin mai su ya aiko.